Bashi Hanji Ne: Bambancin Kurari da Hukunci



An ɗora mini nauyin in yi magana a kan tsohon bashi, da irin barazanar da masu bin bashi kan yi, watau su ce za su kai mutum kotu a shelanta cewa ya karye, ko su turo ma'aikatan kotu su kwashe masa kaya. Wani zai ce ina ruwan ɗalibi da wannan zance, shi da bai mallaki ko akuya ba? Amsar a fili take. A garuruwanmu, duk ranar da wata takarda mai hatimi ta shigo gida, ba a nufi kowa da ita sai ɗan makaranta. Tsoho zai zaro ta daga aljihu hannunsa na rawa, ya ce, "Karanta mini, ka gaya mini abin da zan yi." Abin da ka faɗa masa a wannan lokaci yana iya zama dalilin tsirar gonar gado, yana kuma iya zama dalilin salwantarta. Saboda haka sanin wannan al'amari wajibi ne a kanmu, tun da rashin sani ya fi dare duhu.

Hausawa suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma tarihin ƙasarmu ya tabbatar da haka. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, manomi ya saba karɓar kuɗi da bazara daga hannun masu sayen gyaɗa, ya biya da kaka. Wanda rumbunsa ya ƙare a tsakiyar damina ya ari dami ɗaya ya mayar da biyu. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, sun bar gidaje da yawa da bashin da amfanin gona bai iya rufewa ba. Gwamnati ta kafa bankin manoma a Kaduna a 1973, ta kawo shirin tsaya wa manomi a bankuna a 1977, duk don a raba talaka da mai ba da kuɗi da ruwa, amma har yau ba a rabu ba.

A zamaninmu kuwa, a ran 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba ƙananan manoma rance a Birnin Kebbi, wanda aka fi sani da bashin manoman shinkafa, aka ba mutane iri da taki da magani ta hannun ƙungiyoyinsu. A cikin Maris 2023 bankin ya bayyana cewa ya fitar da fiye da naira tiriliyan 1, ga manoma sama da miliyan 4, abin da aka mayar kuwa bai wuce kimanin biliyan 503 ba. Wasu sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa, wasu kuma ambaliya ce ta cinye su, irin wadda ta yi wa Jigawa ɓarna a 2022. Bankin ya daina irin wannan rance, amma sunayen suna nan a rubuce. Ga kuma bashin ma'aikaci da ake cirewa daga albashi, ga na manhajojin waya, ga na ɗan kasuwa da ya ɗauko kaya a Kwari ko Singa bisa amana. Ta kowace ƙofa aka shiga, wata rana sai an zo tambaya.

Abu na farko da nake so mu riƙe shi ne, takardar neman biya daban, sammaci daban, hukunci daban. Takardar da lauyan mai bin bashi ya rubuto, komai girman hatiminta da zafin kalmominta, wasiƙa ce kawai. Ba ta ba kowa ikon taɓa ko tsintsiyar gidanka. Sammaci kira ne daga kotu, yana ɗauke da sunan kotun da lambar ƙara da ranar zama. Hukunci kuwa sai bayan alƙali ya saurari ɓangarorin biyu, ko ya ba wanda ake ƙara dama ya ƙi zuwa. A nan ne mutanenmu suka fi cutuwa. Wasiƙar da ba ta da haƙori sai ta firgita su su sayar da gona da arha, sammacin da ya kamata su amsa kuwa sai su tura shi ƙarƙashin tabarma, ko su tsallaka iyaka ta Babura su fake a Nijar, a yanke hukunci a bayan idonsu. Wanda ya ƙi zuwa kotu ya ba abokin shari'arsa nasara kyauta, har da kuɗin da watakila ba a bin sa.

Abu na biyu, bashi ba laifi ba ne da za a kama mutum a kansa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko don rikicin da ba na laifi ba. Sashe na 36 kuma ya hana a kama wani a madadin wani, watau ba a tsare ɗa don a matsa wa uba, ko mata don mijinta ya fito. Kotun Ƙoli ma a 2018 ta faɗa ƙarara cewa hukumar EFCC ba hukumar karɓar wa mutane bashi ba ce. Amma a lura, wannan kariya tana da iyaka. Wanda ya karɓi kuɗi da ƙarya tun farko, ko ya ci amanar dukiyar da aka ba shi ajiya, wannan laifi ya yi. Haka nan wanda ya ba da cekin banki ya dawo babu kuɗi, dokar 1977 ta tanadar masa ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara. Don haka ina jan kunnen yayyenmu ma'aikata, kada mai ba da rance ya sa ku sa hannu a cek fari ku bar masa, domin da wannan takarda yake juya bashi ya koma laifi.

Abu na uku shi ne zancen shelar karayar arziki, wanda wasu lauyoyi kan sa a ƙarshen wasiƙa don a tsorata. Dokar da ta shafi wannan an yi ta ne a 1979, kuma Babbar Kotun Tarayya kaɗai ke da ikon sauraron irin wannan ƙara. Ba majistare, ba alƙalin kotun shari'a, balle ofishin wani kamfani. Hanyar da aka fi bi ita ce, sai mai bin bashi ya riga ya sami hukunci, sa'an nan ya sa a kai wa wanda ake bi sanarwa ta musamman, a ba shi kwana 14 ya biya ko ya daidaita. In ya kasa ne za a shigar da ƙarar, kotu ta naɗa wanda zai tattara dukiyarsa a raba wa dukan masu bin sa. Ku duba nan da kyau: a raba wa duka. Mai bin bashin da ya kashe kuɗin lauya da na kotu, ƙarshenta sai ya raba ɗan abin da aka samu da wasu. Wannan ne ya sa ba safai ake bin wannan hanya a Nijeriya ba, kuma da wuya wani ya bi ta a kan manomin da abin da ya mallaka bai wuce shanun huɗa biyu ba. Galibi kurari ne.

Duk da haka, kada ma'aikaci ya raina ta. Dokokin aikin gwamnati sun lissafa karayar arziki da nutsewa cikin bashi a jerin manyan laifuffukan da kan kai ga kora. Tsarin Mulki na 1999 kuma ya hana wanda kotu ta ce ya karye, muddin ba a sallame shi ba, tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa. Matashin da ke hangen gaba, sunansa shi ne jarinsa.

Abu na huɗu, ma'aikacin kotu mai zartar da hukunci. Aikinsa a babbar kotu da kotun majistare yana ƙarƙashin wata tsohuwar doka ce ta 1945, kotunan shari'a kuma suna da nasu ƙa'idojin. Ba ya fita sai da takardar umurni daga kotu bayan hukunci, kuma haƙƙinka ne ka ce ya nuna ta, ka karanta sunan da ke ciki da adadin kuɗin. Ba a zartarwa da dare ko ranar hutu sai da izinin alƙali. Kayan da aka ɗauka sai an rubuta su, ba a kuma yin gwanjonsu sai bayan kwana 5 aƙalla, in ba masu lalacewa ba ne, abin da ya ragu bayan biyan bashi da kuɗin aiki a mayar wa mai shi. Gida da gona ba a taɓa su sai kayan ɗauka sun kasa, sai kuma an koma babbar kotu an nemi izini. Dokar ta ce a bar wa mutum tufafinsa da shimfiɗar iyalinsa da kayan sana'arsa, amma ta ƙayyade darajarsu da naira 10, kuɗin da a yau ba ya sayen ƙosai. Wannan gyara ne da ya kamata mu riƙa tuna wa wakilanmu na majalisa.

Akwai wani wuri da ya fi taɓa gidajenmu. Ana bin maigida bashi, sai a zo a ɗauki gadon uwargida da kwanukanta da keken ɗinkinta. Alhali kuwa a shari'ar Musulunci da dokar ƙasa duka, dukiyar mace tata ce, ba a biyan bashin miji da kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata. Haka babur ɗin ƙane, haka tumakin da aka ba mutum kiwo. In an ɗauki irin waɗannan, mai su zai rubuta wa kotu da sauri cewa nasa ne, a dakatar da gwanjo har a bincika. Abin da ba shi da amfani shi ne a tare ƙofa da sanda. Wanda ya doki ma'aikacin kotu ya ƙara wa kansa laifi a kan bashi. Wanda ya zo ba takardar kotu kuwa, ko da kaki ya sa, ko 'yan daba aka ɗauko, ba shi da ikon ɗaukar komai, kuma shi ne ya taka doka.

Sai dai akwai hanyar da ba ta bukatar kowa ya zo ƙofar gida. Tun ran 1 ga Agusta 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga duk wani asusu da ke haɗe da lambar BVN ta mai bashin, a kowane banki yake, muddin ya sa hannu a kan wannan sharaɗi ranar da ya karɓi rancen. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru ake cirewa ta wannan hanya, ban da tarar jinkiri. Saboda haka sauya banki ba ya ɓoye mutum. Manhajojin waya kuma, masu aika wa dangi da abokan aiki saƙon cewa wane ɓarawo ne, su sani hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta fara farautarsu tun 2022, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana wasa da lambobin mutane haka. Wanda aka yi wa wannan ya adana saƙonnin ya kai ƙara, amma ya sani tozarcin da aka yi masa bai goge uwar kuɗin da ya ci ba.

Yanzu sai tsufan bashi. A dokokin jihohi akwai wa'adin shigar da ƙara a kan bashin yarjejeniya, shekara 5 a wasu jihohi, 6 a wasu. In wa'adin ya wuce mai bin bashi yana zaune bai kai ƙara ba, babbar kotu ko majistare ba za su saurare shi ba, matuƙar wanda ake ƙara ya tayar da wannan hujja. Amma in wanda ake bi ya rubuta da hannunsa ya amsa bashin, ko ya biya wani abu daga ciki, lissafi yakan koma sabo daga wannan rana. Shi ya sa masu bin tsohon bashi kan lallaɓo su ce, "Kawo ko dubu ɗaya ce, ka sa hannu a nan." Kada a sa hannu sai an fahimci abin da ake sa wa.

A gaban alƙalin shari'a kuwa, wadda Jigawa ta faɗaɗa aiki da ita a 2000, zancen ya sha bamban. Hauzi da muke ji, watau shekara 10 ana riƙe da abu mai shi yana gani bai yi magana ba, ya shafi riƙon gona ne da gida. Bashin da ya tabbata kuwa, daɗewa kawai ba ta kashe shi. Littattafan Malikiyya da alƙalanmu ke aiki da su, irin su Risala da Muhtasar da Tuhufa, sun yi bayanin wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa. Mai da'awa shi ke kawo shaidu. In bashi ya tabbata, alƙali ya sayar da abin da mutum ya mallaka ya raba wa masu bin sa gwargwadon haƙƙin kowa, ya bar masa sutura da abin da zai ci da iyalinsa. Mai hali da ya ƙi biya ana iya tsare shi, wanda aka tabbatar ba shi da komai kuwa ba a ɗaure shi, jinkiri ake yi masa har ya samu, kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurni. Gonar jingina ba ta zama ta mai riƙe da ita don wa'adi ya cika, sai a sayar, ya ɗauki nasa, a mayar da saura. In mai bashi ya rasu, daga abin da ya bari ake biya kafin rabon gado, ba a kuma tilasta wa magada su biya daga aljihunsu, sai wanda ya tsaya masa tun farko.

Wannan tsayawa ita ce tarkon matasan ma'aikata. Aboki ya kawo takarda ya ce sa hannu kawai za ka yi, ba komai. Akwai komai. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da abokin ya ɓace, albashinka za a bi. Kada ka tsaya wa kowa a kan kuɗin da ba za ka iya biya da kanka ba.

To, in takarda ta iso, me ɗan makaranta zai yi? Ya fara kwantar wa mai ita hankali, sa'an nan ya nemi amsar tambayoyi huɗu: wa ke bi, nawa ne asalin kuɗin, yaushe aka ci kuma yaushe aka yi biyan ƙarshe, wace kotu ce ta san da maganar. Ya nemi a ba shi lissafi a rubuce, uwar kuɗi daban, ruwa daban, tara daban. Lissafin nan ba wasa ba ne. Ɗauki misalin naira 50,000 da ruwan kashi 10 cikin 100 kowane wata. In a kan uwar kuɗi kaɗai ake ɗora ruwan, a shekara za a biya 110,000. In kuwa ana ɗora ruwa a kan ruwa, sai ya haura 156,000. Manomi ba zai ga wannan bambanci ba sai ɗansa ya zauna da alƙalami. A tattaro kowane rasiɗi da saƙon banki da sunayen shaidu. In sammaci ne a je, a roƙi kotu ta yarda a riƙa biya kaɗan kaɗan, domin tana da wannan iko. In an riga an yi hukunci ba da sanin mutum ba, a hanzarta neman a jingine shi ko a ɗaukaka ƙara, kada a bari lokaci ya ƙure. Hukumar taimakon shari'a ga marasa ƙarfi, wadda aka kafa a 1976, don irin wannan aka yi ta. In da banki ne rikicin, a fara kai kuka ga bankin a rubuce, in bai warware ba a wuce sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki.

Kafin duk wannan, akwai sulhu. Mai unguwa da dagaci da hakimi da liman da shugabannin kasuwa sun daɗe suna kashe irin wannan wuta, kuma mai bin bashi mai hankali ya san rabin kuɗinsa a hannu da kaka ya fi shekara uku yana zirga-zirgar kotu. Amma duk abin da aka shirya a rubuta shi, da shaidu, da ranar biya, da sharaɗin cewa in an cika magana ta ƙare. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, mu kuwa har yanzu kunya ke hana mu rubutawa tsakanin 'yan'uwa, sai zumunci ya lalace a kan abin da rabin takarda zai tsare.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an koya masa dabarar cinye kuɗin mutane. Sau da yawa mai bin bashin ba banki ba ne, gwauruwa ce da ta ba da kuɗin adashinta, ko mai shagon da jarinsa ya maƙale a hannun ma'aikatan da suka ci kaya sai ƙarshen wata. Wa'adin shekara 5 ko 6 garkuwa ce daga wanda ya tono tsohuwar da'awa bayan shaidu sun mutu takardu sun ɓace. Yana rufe ƙofar kotu, amma ba ya sauke nauyi a wurin Allah, kuma mun san jan kafar mai hali wajen biya zalunci ne. Mu kanmu ɗalibai yanzu mun shiga sahu, domin rancen karatu na dokar 2024, ko da yake ba shi da ruwa, za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashi shekara 2 bayan hidimar ƙasa. In ba mu biya ba, ƙannenmu na Gwiwa da Roni ne za su tarar da tukunya a bushe.

Roƙona ga wannan ƙungiya shi ne, a kowane dogon hutu a sami ɗalibanmu masu karatun shari'a da na lissafin kuɗi su zauna ranar kasuwa a Kazaure da Babura, da izinin iyayen ƙasa, su karanta wa jama'a takardunsu kyauta, su nuna musu ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Iyayenmu sun sayar da hatsi da dabba sun kai mu makaranta. Wannan ma bashi ne a wuyanmu, kuma ga hanya ɗaya ta rage shi.

A nan zan dasa aya. Allah ya raba mu da nauyin bashi, ya hore wa mai niyyar biya abin biya, ya ba mai bi haƙuri.